George Washington Carver: Malamin gonar da ya kai makaranta ƙofar manomi

A ranar 5 ga watan Janairun 1943 ne George Washington Carver, masanin kimiyyar aikin gona ɗan ƙasar Amurka, ya rasu a garin Tuskegee na jihar Alabama, yana da kimanin shekaru 78 a duniya.

An haife shi cikin bauta, amma ya koma ga Mahaliccinsa yana ɗaya daga cikin baƙaƙen fatar da suka fi suna a Amurka.

Akasarin jama'a dai sun san shi ne da binciken gyaɗa. To amma masana tarihi na baya-bayan nan na ganin babban aikinsa shi ne koya wa talakawan manoma yadda za su farfaɗo da ƙasar da ta gaji ba tare da dogaro da takin zamani ba, da kuma kai musu wannan ilmi har gida, a zamanin da babu rediyo balle intanet.

Matsalolin da ya yi fama da su, wato tsadar taki da gajiyar ƙasa da nisan makaranta, su ne manomin Kamba ko Bagudo a jihar Kebbi ke tattaunawa a kansu duk faɗuwar damina.

Ƙuruciya cikin bauta

An haifi Carver ne wajen shekarar 1864 a kusa da ƙauyen Diamond na jihar Missouri, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Mahaifiyarsa Mary baiwa ce a gidan wani manomi mai suna Moses Carver.

Yana jariri wasu mahara suka sace shi tare da mahaifiyarsa. Moses Carver ya tura a bi sawunsu, aka dawo da jaririn, amma ba a sake jin ɗuriyar uwar ba.

Bayan da aka haramta bauta a 1865, Moses da matarsa Susan suka ci gaba da riƙon George da wansa James.

Da yake yaro ne mai yawan laulayi, ba a sa shi aikin ƙarfi a gona ba. Sai ya shaƙu da lambun gida da itatuwan daji, har maƙwabta suka riƙa kawo masa shuke-shukensu da suka yi yaushi domin ya duba musu.

Makarantar ƙauyen ba ta karɓar 'ya'yan baƙaƙen fata. Don haka tun bai balaga ba ya bar gida zuwa garin Neosho, inda wata ungozoma mai suna Mariah Watkins ta ba shi masauki.

Daga nan ya yi ta yawon neman ilmi a garuruwan jihar Kansas, yana wanki da guga da girki domin ya ci da kansa. A 1879 a garin Fort Scott ya ga yadda wasu gungun fararen fata suka kashe wani baƙar fata a bainar jama'a, abin da ya sa ya bar garin nan take.

Kwalejin Highland ta ba shi gurbin karatu ta wasiƙa, amma da ya isa aka ga launin fatarsa sai aka janye.

A 1890 ya shiga Kwalejin Simpson a jihar Iowa yana koyon zane da kiɗan fiyano. Malamarsa ta zane, Etta Budd, ta lura da yadda yake zana furanni, ta ba shi shawarar ya koma nazarin tsirrai.

A 1891 ya zama baƙar fata na farko da ya shiga kwalejin aikin gona ta jihar Iowa da ke garin Ames. Ya sami digiri na farko a 1894, na biyu kuma a 1896.

Ƙasar da auduga ta cinye

A shekarar 1896 ne Booker T. Washington, shugaban makarantar baƙaƙen fata ta Tuskegee, ya gayyace shi ya jagoranci sashen aikin gona. Carver ya amsa kiran, kuma a nan ya shafe shekaru kusan 47 da suka rage masa.

Abin da ya tarar a kudancin Amurka ya tayar masa da hankali. An daɗe ana noman auduga a gona guda shekara da shekaru, har ƙasa ta sire, ruwan sama kuma ya yi mata zaizaya.

Yawancin manoma baƙaƙen fata ba su mallaki gona ba. Noman kashi-mu-raba suke yi da masu ƙasa, suna karɓar iri da taki da abinci bashi, a cire a cikin audugarsu in kaka ta yi. Sau da yawa manomi kan ƙare shekara da bashin da ya fi na bara.

A 1897 majalisar jihar Alabama ta amince da kafa tashar gwaje-gwajen noma a Tuskegee, aka kuma naɗa Carver shugabanta. Da farko shi ma ya yi gwaji da takin zamani, amma daga bisani ya fahimci cewa shawarar da sai mai kuɗi zai iya bi ba ta da amfani ga mutanen da aka ɗauke shi domin su.

Sai ya mai da hankali kan abin da ke kwance kyauta a kewayen manomi: ganyen da ya zuba a daji, da laka mai baƙi ta fadama, da kashin dabbobi, da toka da sharar gida. Ya koyar da yadda ake tara su hawa-hawa, a bar su su ruɓe, sannan a kai gona.

Haka kuma ya yi ta kira da a riƙa hutar da gona daga auduga ana shuka wake ko gyaɗa ko waken suya. Dalili kuwa shi ne a saiwar waɗannan tsirrai akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da ƙwayoyin halitta ke zaune a ciki, suna jawo sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi abincin shuka. Wannan sinadari shi ne manomi ke biyan kuɗi ya saya a buhun yuriya.

Ya kuma nace wa kowane gida ya yi lambu, ya shuka dankalin Hausa da tumatir da ganye, ya ajiye kaji, ya busar da rarar abin da ya samu, domin iyali su rage cin bashin abinci.

Sai a wajen 1940 ne aka fara kiran irin wannan noma da suna na musamman a Turai, bayan rubuce-rubucen Turawan Ingila irin su Albert Howard da Lord Northbourne. A lokacin Carver ya haura shekaru 30 yana koyar da shi.

Makaranta a kan keken doki

Babban ƙalubalen dai shi ne yadda ilmin zai isa ga masu buƙatarsa. Manomin da ke bin alfadari tun asuba ba shi da lokacin zama a aji, da yawansu ma ba su iya karatu sosai ba.

Hanya ta farko da Carver ya bi ita ce rubuta ƙananan ƙasidu da ake rabawa kyauta. Ya wallafa guda 44 a rayuwarsa. Ta farko, a 1898, ta yi bayani ne kan ciyar da dabbobi da 'ya'yan itatuwan daji, ta 1905 kuma kan gyara ƙasar da ta gaji. Wadda ta fi shahara ita ce ta 1916, kan noman gyaɗa da hanyoyi 105 na sarrafa ta domin ci.

Yakan tsara ƙasida ne da mutum uku a zuciyarsa: manomin da zai shuka, da malamin makarantar da zai bayyana wa yara, da uwargidan da za ta girka. Ban da wannan, ya riƙa amsa ɗimbin wasiƙun manoma da ke aiko masa da tambayoyi, wasu ma har da samfurin ƙasa ko ganyen da cuta ta kama.

Tun 1897 ake taron manoma duk wata a harabar makarantar, a 1904 kuma aka fara gajeren kwas a lokacin sanyi, sa'ad da aikin gona ya yi sauƙi.

Amma abin da ya fi yin tasiri shi ne keken dokin da ya tsara, wanda ya fara fita a 1906. Wani attajirin birnin New York mai suna Morris Jesup ne ya ba da kuɗin ƙera shi, don haka aka sa masa sunansa.

Akan loda wa keken garma da iri da kayan sarrafa madara da zane-zanen koyarwa, a tsaya a bakin gona ko harabar coci ko dandalin gari, a nuna wa jama'a a aikace.

A cikin wannan shekara ce ma'aikatar noma ta Amurka ta ɗauki Thomas Campbell, wanda ya yi karatu a Tuskegee, ya zama malamin gona baƙar fata na farko a ƙarƙashinta, ya kuma karɓi ragamar keken. Daga baya aka maye gurbin keken da mota. A 1914 majalisar dokokin Amurka ta kafa dokar da ta shimfiɗa aikin malaman gona a duk faɗin ƙasar.

Suna da ƙarin gishiri

Wajen 1910 wani ƙwaro mai cin auduga, wanda ya shigo daga Meziko, ya isa Alabama ya yi mummunar ɓarna. Manoma da dama suka koma ga gyaɗa.

A 1921 masu harkar gyaɗa suka gabatar da Carver gaban wani kwamitin majalisar wakilai a birnin Washington, domin neman a sa haraji kan gyaɗar da ake shigowa da ita. Minti goma aka ba shi, amma 'yan majalisar suka yi ta ƙara masa lokaci. A 1922 aka sa harajin, sunansa kuma ya game ƙasar.

An danganta masa abubuwa kusan 300 da ake samu daga gyaɗa, da sama da 100 daga dankalin Hausa. Sai dai masana tarihi, ciki har da Linda McMurry da ta rubuta tarihinsa a 1981, sun nuna cewa an yi ƙarin gishiri a labarin.

Abubuwa uku kacal ya yi wa rajistar mallaka, kuma babu wanda ya yi kasuwa. Ba shi ne ya ƙirƙiro niƙaƙƙiyar gyaɗar da ake shafa wa burodi ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Tausa da man gyaɗa da ya riƙa yi wa masu shan-inna a shekarun 1930 ma, ba a tabbatar man na warkarwa ba.

A cikin makarantar kuma ya sha samun saɓani da Booker T. Washington, wanda ke ganin ba shi da ƙwarewar mulki. Wasu kuma sun zarge shi da yin shiru a bainar jama'a kan wariyar launin fata.

Akwai kuma iyakar da ilminsa bai iya tsallakewa ba. Manomin da za a iya kora daga gona baɗi ba zai ɓata shekaru uku yana gyara ƙasar wani ba. Daga ƙarshe miliyoyin baƙaƙen fata suka bar karkarar kudu suka yi ƙaura zuwa biranen arewa.

Tsakanin Tuskegee da Kamba

Waken da Carver ya yi ta tallatawa asalinsa daga Afirka ne, jiragen cinikin bayi suka tsallaka da shi.

A ƙasar Dandi, inda Kamba take a kan iyakar Najeriya da Nijar daura da garin Gaya, da kuma Bagudo mai iyaka da Jamhuriyar Benin, shuka wake a tsakanin gero da dawa tsohuwar al'ada ce. Haka nan kai takin gida gona da rani, da barin shanun Fulani su kwana a saura bayan girbi.

Ke nan abin da Carver ya ƙara shi ne gwaji da awo da bayanin dalili, sannan da tsarin isar da sakamakon ga manomi.

Batun taki kuwa har yanzu da sauran rina a kaba. A taron da aka yi a Abuja a 2006, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ɗaga yawan takin zamanin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015, amma wa'adin ya wuce ba a cimma burin ba. A 2022 kuma farashin taki ya yi tashin gwauron zabo bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine.

Masana ƙasa dai na cewa takin gida da na zamani abokan juna ne, domin ƙasa mai yashi da ba ta da ruɓaɓɓen abu ba ta riƙe ruwa, kuma takin zamani kan wanke ya bi ruwa kafin shuka ta amfana.

Ta fuskar koyarwa daga nesa, cibiyar wayar da kan manoma ta ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta daɗe tana amfani da ƙasidu da shirye-shiryen rediyo. Jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, tana da tsangayar kimiyyar noma.

Matashin da ke Kamba na iya karanta darasin noman albasa ko tumatir a wayarsa. To sai dai tarihin Tuskegee ya nuna cewa ƙasida ta fi ratsa manomi ne idan an biyo ta da gonar gwaji da zai gani da idonsa, kuma idan yana da tabbacin cewa gonar da ya gyara za ta ci gaba da zama a hannunsa.

Rasuwa

Carver bai taɓa aure ba, kuma ya yi rayuwa mai sauƙi a ɗakunan makarantar. A 1923 ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta ba shi lambar yabo ta Spingarn, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya ƙulla abota da attajirin motoci Henry Ford.

A 1940 ya ba da kuɗin da ya tara, sama da dala 30,000, aka kafa gidauniyar binciken noma a Tuskegee.

Ya rasu ne bayan jinyar da ta biyo bayan faɗowa daga matakala, aka binne shi kusa da kabarin Booker T. Washington.

A watan Yulin 1943 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu kan dokar da ta mai da gonar da aka haife shi wurin tarihi na ƙasa, karo na farko da aka yi wa wani baƙar fata irin wannan karramawa a Amurka.