Likita Campbell Douglas: Jarumin Da Ya Ceci 'Yan Uwansa Daga Bakin Teku

Jama'a, sau da yawa in an ce soja ya sami lambar yabo, sai mu ɗauka kashe abokan gaba ya yi. To ga wani wanda ya sami lambar Victoria Cross, wadda ta fi kowace lamba daraja a sojan Ingila, saboda ya ceci rayukan 'yan uwansa.

An haifi Campbell Mellis Douglas a Kwibek ta ƙasar Kanada a 1840. Mahaifinsa ma likita ne. Ya yi karatun likita a Edinbara, sannan ya shiga soja a 1862, aka tura shi Rangun ta ƙasar Bama, inda daga baya iyayenmu suka je yaƙin duniya na biyu.

A 1867 wasu ma'aikatan jirgin ruwa mai suna Assam Valley suka sauka a tsibirin Ƙaramin Andaman, cikin tekun Indiya, ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sai aka tashi sojoji su je su bincika. Ranar 7 ga Mayu suka sauka, mutanen tsibirin suka tasar musu da kibau, ga kuma teku ta yi fushi, igiyar ruwa ta hana su komawa jirgi. Gaba kura, baya sayaki.

Nan ne Douglas ya shiga ƙaramin kwalekwale da sojoji huɗu: David Bell, James Cooper, William Griffiths da Thomas Murphy. Shi yana tsaye a goshin kwalekwalen yana ba da umarni, su kuwa suna tuƙi. Karo na farko ruwa ya kusa cika kwalekwalen, dole suka ja baya. Wani da ya ce ai ya yi iya ƙoƙarinsa. Su kam suka sake komawa, har sai da suka kwaso mutum 17 da ransu.

A watan Disamba na shekarar aka sanar da ba dukkansu biyar Victoria Cross. Dokar 1858 ce ta halatta a ba da ita don jarumtar da ba ta fagen fama ba, kuma mutum shida kacal suka same ta ta wannan hanya kafin a soke dokar a 1881.

Douglas ya bar soja a 1882, ya zauna a Ontariyo ta Kanada. Son ruwa bai bar shi ba: ya ƙera kwalekwale mai naɗewa, har ya haye tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa da shi a 1895. Ya rasu a Ingila ranar 31 ga Disamba, 1909.

'Yan uwa, mu da muke zaune nesa da gida mun san ranar wuya ɗan uwa ne gatanka. Douglas da mutanensa sun ga mutuwa ƙiri-ƙiri, amma ba su bar nasu a bakin gaɓa ba.