Biktor Hes da hasken da ido ba ya gani

An haifi Biktor Hes a ƙasar Ostiriya, cikin Turai, a shekara ta 1883. Ya yi karatu mai zurfi har ya zama masanin kimiyya.

A zamaninsa masana sun gano wani irin haske wanda ido ba ya gani, amma yana ratsa jikin mutum. Suna zaton daga ƙasa da duwatsu kaɗai yake fitowa. In haka ne, duk wanda ya yi sama zai tarar ya ragu.

Hes ya ƙudura sai ya gwada. Ya shiga kwandon wani ƙaton balan-balan da kayan awonsa, ya tashi sama. Ya tashi da rana, ya tashi da dare, har ran da aka yi husufin rana. Hasken bai ragu ba don rana ta ɓuya.

Ran 7 ga watan Agusta 1912, ya kai mita 5.300, inda sanyi ke da tsanani, numfashi ke wuya. Can ya tarar hasken ya fi na ƙasa yawa ƙwarai. Ashe daga sararin samaniya yake zubowa, iskar da ta lulluɓe duniya ce ke kare mu.

A 1936 aka ba shi babbar kyautar Nobel. A 1938 ƴan Nazi suka kore shi daga aiki, ya yi ƙaura da matarsa zuwa Amurka. Can ya rasu a 1964.

Jiragen da yara ke hangowa bisa Dogon Dutsi da Tibiri suna tafiya wajen mita 10.000 ko fiye. A can iska ba ta da kauri, don haka hasken ya fi yawa. Mai tafiya jefi-jefi, kamar alhaji, kaɗan yake samu. Amma matuƙa jirgi da ma'aikatansa kullum suna sama. Shi ya sa a Turai ake lissafa abin da ya shiga jikinsu kowace shekara, ana kuma sassauta wa mata masu juna biyu aiki.

Tambayoyi
1. Da me Hes ya tashi sama?
2. Me ke kare mu daga wannan haske?
3. Don me ake kula da ma'aikatan jirgi?