Tom Tyler: ɗan fim ɗin da ya fara kawo gwarzon littafin zane gidan sinima

A ranar 28 ga watan Maris na 1941, lokacin da yaƙin duniya na biyu ke ci a Turai amma Amurka ba ta shiga ba tukuna, kamfanin Republic Pictures ya fitar da kashi na farko na wani fim mai dogon zango mai suna Adventures of Captain Marvel. Shi ne karo na farko da aka ɗauko gwarzo mai ƙarfin ban mamaki daga littafin labarin zane, aka ba wa mutum mai rai ya taka shi a majigi. Mutumin kuwa shi ne Tom Tyler, ƙaƙƙarfan da ya taɓa zama zakaran ɗaga ƙarfe na Amurka. Shekaru 13 bayan wannan rana ya rasu a kusa da Detroit, ciwo ya cinye masa jiki, kuma bai bar wata dukiya ba.

Daga masana'anta zuwa Hollywood

Sunansa na yanka Vincent Markowski. An haife shi ranar 9 ga watan Agusta na 1903 a Port Henry, wani ƙaramin garin haƙar tama da ke jihar New York, cikin iyalin baƙin haure ƴan asalin Lituwaniya. Yana yaro iyayensa suka koma Hamtramck a jihar Michigan, garin ma'aikatan masana'antar mota da birnin Detroit ya kewaye. A can ya tashi, ya yi aikin ƙarfi, kuma a can ya fara ɗaga ƙarfe har jikinsa ya murɗe.

Wajen 1924 ya tattara ya nufi Kalifoniya. Hollywood ba ta tarbe shi da hannu biyu ba. Ya fara da ɗaukar kayan aiki a wurin shirya fim, da fitowa cikin taron mutanen da ba a ko rubuta sunansu. A 1925 kamfanin FBO ya lura da tsayinsa da ƙirarsa, ya ɗauke shi aikin fim ɗin kaboyi, ya kuma sauya masa suna zuwa Tom Tyler. Fim na farko da ya ja shi ne Let's Go, Gallagher. Daga nan har 1929 ya yi wa kamfanin finafinan kaboyi kusan 30, da yawansu tare da yaron nan Frankie Darro.

Bai bar ƙarfe ba duk da fim. A 1928 ya ci gasar ɗaga ƙarfe ta ƙasa ta ƙungiyar AAU a rukunin masu nauyi, inda jimillar abin da ya ɗaga ya kai kimanin kilo 345.

Lokacin da fim ya fara magana

Finafinansa na farko duk marasa magana ne. Da murya ta shigo sinima a ƙarshen shekarun 1920, ƴan wasa da yawa sun rasa abinci don muryarsu ba ta dace ba. Tyler ma ya shiga wannan hatsari, domin harshen gidansu yana fitowa a Ingilishinsa. Sai ya zauna ya gyara lafazinsa, ya tsira da sana'arsa.

Tsirar ba ta kai shi manyan kamfanoni a matsayin tauraro ba. Shekarun 1930 ya yi su ne a ƙananan kamfanoni irin su Monogram da Reliable da Victory, masu gama fim cikin ƴan kwanaki da kuɗi kaɗan. Ya kuma ja finafinai masu dogon zango, kamar The Phantom of the West na kamfanin Mascot da Battling with Buffalo Bill na Universal.

A 1939 darakta John Ford ya ba shi matsayin mugu a fim ɗin Stagecoach. Shi ne Luke Plummer, wanda John Wayne ya zo ɗaukar fansa a kansa a ƙarshen labarin. Fitowar gajeriya ce, amma ta nuna cewa mutumin ya iya wasa da fuska da ido, ba hawan doki kaɗai ba. A shekarar ya samu ƙaramin gurbi a Gone with the Wind. A 1940 kuma Universal ta naɗe shi da tsummoki ya zama Kharis, gawar Masar da ta tashi, a fim ɗin The Mummy's Hand.

Yadda aka yi Captain Marvel

Republic ba Captain Marvel ta fara nema ba. Superman take so, amma ciniki da masu shi ya watse, sai ta juya ga kamfanin Fawcett. Wannan kamfani ne ke buga Captain Marvel, wanda marubuci Bill Parker da mai zane C. C. Beck suka ƙirƙira, ya kuma fara fitowa a mujallar Whiz Comics mai ɗauke da kwanan watan Fabrairu na 1940. Labarin wani yaro ne, Billy Batson, wanda in ya furta kalmar Shazam sai ya rikiɗe ya zama babban mutum mai tashi sama, wanda harsashi ba ya huda shi.

An raba fim ɗin kashi 12, William Witney da John English suka ba da umarni. Kowane mako ana nuna kashi ɗaya kafin babban fim, kuma kowane kashi yana yankewa daidai lokacin da wani ke bakin mutuwa, don ƴan kallo, musamman yara, su dawo mako mai zuwa da kuɗin tikitinsu. A labarin, wata tawagar masu binciken kayan tarihi ta je Siyam, wato Tailan ta yau, ta tono wata kunamar zinariya mai gilasai da ke iya mayar da dutse zinariya ko ta zama makamin hallaka. Mutanen tawagar suka raba gilasan a tsakaninsu, ba su san cewa ɗayansu ne mugun da ke rufe fuska yana kiran kansa Kunama ba. Frank Coghlan Jr. ne ya fito a Billy, Tyler kuma a Captain Marvel.

Babbar matsalar ita ce tashi sama, a zamanin da babu kwamfuta. Ƴan'uwa biyu masu haɗa dabarun fim a Republic, Howard da Theodore Lydecker, suka sassaƙa mutum-mutumi na takarda da ya ɗan fi mutum tsawo, suka sa masa kayan gwarzon, suka rataye shi a kan wayoyi da aka ɗaure daga tudu zuwa gangare. In aka sake shi sai ya zurara kamar tsuntsu. In ana son a nuna yana hawa sama, sai a sake shi da baya a juya hoton. David Sharpe, gwanin tsalle, shi ke yin zaburar tashi da dirowa. Fuska da ƙirji da ɗaga mutum sama a jefar kuwa na Tyler ne, kuma nan ne shekarun ɗaga ƙarfe suka yi masa rana. Yana da shekara 37 a lokacin.

Captain Marvel ɗin Tyler bai cika raha ba irin na littafin. Mai ƙarancin magana ne, mai kaushin hannu, har akwai inda ya jefo ɗan ta'adda daga saman bene. Masu nazarin tarihin sinima da yawa suna sa wannan fim cikin mafi kyawun irinsa da aka taɓa yi. Shi ya buɗe ƙofa ga waɗanda suka biyo baya a shekarun yaƙi: Spy Smasher a 1942, Batman a 1943, Captain America a 1944.

Tyler bai tsaya nan ba. Daga 1941 zuwa 1943 ya fito a Stony Brooke cikin finafinai 13 na jerin kaboyi na Three Mesquiteers. A 1943 kamfanin Columbia ya ba shi The Phantom, gwarzon daji mai rufe ido na labarin zanen Lee Falk, a kashi 15. Wannan ne babban matsayi na ƙarshe da ya ja.

Ciwo da ƙarshen rayuwa

A tsakiyar shekarun 1940 wani ciwo mai tsanani ya kama gaɓoɓinsa. Sannu a hankali ya rame, hannuwansa suka ƙage, fuskarsa ta canza har wanda ya san shi a Captain Marvel zai yi wuya ya gane shi. A Hollywood ta lokacin, ɗan wasan irin waɗannan finafinai albashinsa kawai yake karɓa. In fim ya ci kasuwa ko aka sake nuna shi, ribar ta kamfani ce. Don haka dole ya ci gaba da neman aiki da jikin da ya ƙi.

Tsofaffin abokan aiki sun riƙa sama masa ƙananan gurabe. John Ford ya sa shi a They Were Expendable a 1945 da She Wore a Yellow Ribbon a 1949, inda ya fito a sojan da aka ji wa rauni. Howard Hawks ya ba shi wuri a Red River a 1948. Da talabijin ta zo, ya riƙa fitowa a shirye-shiryen kaboyi irin na Gene Autry, galibi a matsayin mugu mai ƴan kalmomi.

Da ƙarfi ya ƙare gaba ɗaya sai ya koma Michigan wajen ƴar'uwarsa. Ya rasu ranar 1 ga watan Mayu na 1954 a Hamtramck sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 50. An binne shi a maƙabartar Mount Olivet da ke Detroit.

Gwarzon da ya taka ma ya sha nasa rikicin. Masu Superman sun kai Fawcett kotu tun 1941 bisa zargin kwaikwayo, shari'ar ta ja har 1953, inda Fawcett ta yi sulhu ta daina buga Captain Marvel. A shekarar ne aka sake fitar da fim ɗin Tyler da sunan Return of Captain Marvel. Daga baya kamfanin DC, wanda ya kai ƙarar, shi ya karɓi gwarzon a 1972, kuma a 2019 aka yi masa sabon fim da sunan Shazam, wanda aka kashe wa miliyoyin dala. Duk mai kallon irin waɗannan finafinai a wayarsa a yau yana kallon sana'ar da aka fara da wayoyi biyu, mutum-mutumin takarda, da ƙirjin Tom Tyler.