Thomas Huxley Da Ɗan Guntun Alli

Ran nan na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa, sai na ga ɗaya ya yi kuskuren lissafi a kan allo. Wani yaro ya ɗaga hannu ya nuna masa, maimakon ya gyara sai ya daka wa yaron tsawa. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin wani shahararren malami na Ingila, Thomas Henry Huxley.

An haife shi a Ealing, kusa da Landan, cikin 1825. Ubansa malamin makaranta ne, amma shi yaron shekara biyu kaɗai ya yi a aji, sauran duk da kansa ya koya, har da Jamusanci. Daga baya ya koyi aikin likita, ya shiga jirgin ruwan soja mai suna Rattlesnake cikin 1846. Shekara huɗu suna yawo a tekunan Ostireliya, shi kuwa kullum yana kamo ƙananan halittun ruwa yana dubawa da madubin likita. Rubuce-rubucensa suka sa manyan masana suka san shi, har cikin 1854 ya zama malami a Makarantar Ma'adinai ta Landan. Shi ne kuma wanda ya tsaya wa Darwin bayan fitowar littafinsa cikin 1859.

To, cikin 1857 Turawa suna shirin shimfiɗa wayar tangaraho daga Turai zuwa Amurka, sai jirgin Cyclops ya tafi auna zurfin Tekun Atlantika, ya ɗebo laka daga ƙarƙashi. Aka kawo wa Huxley. Da ya duba sai ya ga waɗansu 'yan faya-fayai farare, ƙanana ainun, sai a jera wajen goma kafin su kai kaurin gashin kai guda. Ya sa musu suna kokolit. Wani Bajamushe, Ehrenberg, ya riga ya ga irinsu a cikin dutsen alli tun 1836, amma ya zaci ƙwayoyin dutse ne kurum. Cikin 1861 Sorby ya nuna kwasfar abu mai rai ce, kuma ta alli da ta lakar teku dangi ɗaya ne. Yanzu an sani wani tsiro ne mai ƙwaya ɗaya, yana yawo a saman teku sanye da faya-fayan nan kamar sulke, in ya mutu su nutse su taru.

Cikin 1868 Huxley ya tsaya gaban ma'aikata a garin Norwich da ɗan guntun alli, irin wanda ake haƙowa a ƙasarsu. Daga wannan guntu ya bi da su hawa hawa, har suka gane fararen duwatsun nan na Ingila lakar tsohon teku ce. Ka ji malami! Ya fara da abin da ke hannun mai koyo, ya kai shi inda bai taɓa zuwa ba.

Amma fa a shekaran nan ne ya yi tuntuɓe. Ya koma kan lakar Cyclops, wadda aka adana cikin barasa, ya ga wani abu mai yauƙi tare da kokolit. Ya zaci wata halitta ce ta asali shimfiɗe a gindin teku, har ya raɗa mata suna Bathybius. Labari ya gama Turai. Jirgin bincike Challenger ya tashi cikin 1872, ya yi ta nema cikin sabuwar laka bai samu ba. Cikin 1875 masanin haɗa sinadarai na jirgin, Buchanan, ya gano wani gishirin ruwan teku ne da barasar ta sa ya daskare. Da wasiƙa ta iso wa Huxley, bai ɓoye ba, bai yi gardama ba. Ya buga ta a jarida, ya ɗauki laifin a kansa, ya kuma sake amsawa gaban taron masana cikin 1879. Girmansa bai ragu ba, don cikin 1883 aka zaɓe shi shugaban Royal Society. Ya rasu cikin 1895.

Bathybius ta tafi, kokolit kuwa suna nan. Masana sun rarraba su iri iri bisa ga siffar faya-fayansu. Sun fara bayyana fiye da shekara miliyan 200 da suka wuce, yawancinsu suka halaka shekara miliyan 66 da suka wuce, waɗanda suka tsira suka sake yaɗuwa. Da yake kowane zamani da irin nasa, sai suka zama kamar lambar shafi a littafin duwatsu. Cikin 1971 Martini ya tsara su mataki mataki, masu haƙar mai kuwa, har a ƙasarmu wajen bakin Kwara, da su suke gane shekarun dutsen da rijiya ta kai. Ɗaya daga cikin mafi yawansu a teku ma sunan Huxley aka sa mata.

Saboda haka, 'yan'uwana malaman gobe, in yaro ya nuna muku kuskure, ku ɗauki abin shafe allo ku gyara, ku kuma gode masa.