Konosuke Matsushita: Mai kamfanin National da ya ƙi sallamar ma'aikata lokacin da kasuwa ta mutu

Duk wanda ya tashi a gidan da ake jin labarai da rediyon National, ko ake kunna kaset a rakodar Panasonic, ya ci moriyar aikin Konosuke Matsushita ko da bai taɓa jin sunansa ba. A Japan kuwa ana yawan ambatonsa ne idan aka ɗauko zancen tsarin nan nasu na ɗaukar matashi aiki da zarar ya gama makaranta, a riƙe shi har ranar ritaya. Ba shi ya ƙirƙiro tsarin ba, amma abin da ya yi a ƙarshen 1929 na cikin labaran da aka fi kafa hujja da su.

An haife shi ranar 27 ga Nuwamba 1894 a ƙauyen Wasa da ke yankin Wakayama, shi ne auta cikin 'ya'ya takwas. Gidansu na da rufin asiri, har sai da mahaifinsa ya zuba dukiyarsa a cinikin shinkafa na kasada, ya karye. Yana ɗan shekara tara ya bar makaranta aka tura shi Osaka yaron shago, da farko wurin mai sayar da kaskon wuta na jin ɗumi, daga baya wurin mai kekuna.

A 1910 ya samu aiki a kamfanin wutar lantarki na Osaka, ya yi ta hawa har ya zama sufeto. A 1917 ya ajiye aikin, bayan ubangidansa ya raina wani mariƙin ƙwan lantarki da ya ƙera. Wato mutumin da zai zama alamar aikin dindindin, da barin aikin dindindin ya fara.

A watan Maris 1918 ya buɗe ƙaramar masana'anta a gidan haya, shi da matarsa Mumeno da ƙaninta Toshio Iue, wanda daga baya ya kafa kamfanin Sanyo. Fitilar keke mai batir da ya fitar a 1923, wadda kan yi fiye da awa 30 tana ci, ita ta ɗaga shi. A 1927 sunan National ya fara fitowa a jikin kayansa.

Shekarar da kaya suka ƙi fita

A ƙarshen 1929 tattalin arzikin duniya ya durƙushe. Cinikin kamfanin ya faɗi ƙasa da rabi, ɗakunan ajiya suka cika maƙil, manyan masana'antu a faɗin Japan suna ta sallamar mutane. Matsushita na kwance ba shi da lafiya lokacin da Iue da wani babban jami'in suka je masa da shawarar a rage rabin ma'aikata.

Bai yarda ba. Ya ba da umarni a rage rabin abin da ake ƙerawa, 'yan masana'anta su yi aikin rabin wuni, a biya su albashinsu cif, kada a kori kowa. Amma ya gindaya sharaɗi: an soke ranakun hutu ga masu sayar da kaya, kowa ya duƙufa sai an ga bayan abin da ke jibge a rumbu. Zuwa Fabrairun 1930 kayan sun ƙare, masana'anta ta koma aikin cikakken wuni.

Yawanci rabin labarin na farko ake ba mutane, na mai gidan da ya ji tausayin yaransa. Rabi na biyun shi ne ainihin cinikin. Kamfani ya ɗauki nauyin albashi ko da ciniki ya tsaya, ma'aikaci kuma ya miƙa lokacinsa da hutunsa, ya yi duk aikin da aka ɗora masa ko ba shi aka ɗauke shi yi ba. Akwai lissafi ma a ciki, don a zamanin ƙwararrun ma'aikata sun saba tsallakawa daga wannan masana'anta zuwa waccan, kuma wanda ka kora yau sai ka sake horar da wani a madadinsa gobe.

Haka zaman ya ci gaba a kamfanin. Kowace safiya ana taruwa a rera waƙar kamfani, a karanta ƙa'idojinsa, waɗanda suka fara da biyar a 1933 suka zama bakwai a 1937. Wasu na ganin tarbiyya ce, wasu kuma na ganin an mayar da wurin aiki tamkar gidan uba, inda musu ke da wuya.

Ranar da ma'aikata suka rama

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kamfanoninsa sun ƙera wa sojojin Japan jiragen ruwa da na sama na katako. Da Japan ta sha kashi, hukumar mamaya ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur na Amurka ta sa shi a 1946 cikin waɗanda za a raba da muƙamansu.

A wasu kamfanonin, ƙungiyoyin ƙwadago ne da kansu ke neman a tsige shugabanninsu. A nan kuwa ƙungiyar ma'aikatan, wadda aka kafa a farkon shekarar kuma Matsushita ya halarci bikin kafa ta, ita ta tattara sa hannun mutum kusan 15,000 tana roƙon a bar shi. A watan Mayun 1947 aka janye hukuncin.

Sai dai alkawarin bai tsira daga kowace guguwa ba. Matakan tsuke bakin aljihu na 1949 sun shaƙe kamfanin, bashi ya yi masa katutu, har jaridu suka sa sunan Matsushita a sahun gaba na masu bashin haraji. A 1950 ya sallami ma'aikata fiye da 500. Masu yabonsa ba su cika tsayawa a wannan shekarar ba.

Da kasuwa ta farfaɗo ya koma kan tsohuwar hanyarsa. A Janairun 1960 ya sanar cewa cikin shekara biyar za a koma aikin kwana biyar a mako ba tare da rage albashi ba, a lokacin da ma'aikatan Japan ke aiki har Asabar. An fara a Afrilun 1965. Ko a nan ma da sharaɗinsa: kwana ɗaya na hutawa ne, ɗayan na ƙaro ilimi.

Daga baya kotunan ƙasar suka ɗaure wa wannan ciniki gindi ta ɓangarorin biyu. A 1975 Kotun Ƙoli ta ce korar ma'aikaci ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba haramtacciya ce. A 1986 kuma ta tabbatar wa kamfanoni faffaɗan ikon sauya wa ma'aikaci garin aiki, a shari'ar wani da aka kora don ya ƙi tashi daga Kobe zuwa Nagoya.

Inuwar tsarin ba ta taɓa rufe kowa ba. Galibi maza ne na manyan kamfanoni suka more ta. Mata an saba sa ran su ajiye aiki da zarar sun yi aure, 'yan wucin gadi da ma'aikatan ƙananan masana'antun da ke kawo kayan haɗi kuwa su ake fara zubarwa idan ciniki ya ja baya. A yau fiye da kashi ɗaya bisa uku na ma'aikatan Japan ba na dindindin ba ne.

Matsushita ya sauka daga shugabancin kamfanin a 1961 ya miƙa wa surukinsa Masaharu. Ya rasu ranar 27 ga Afrilu 1989 yana da shekara 94. A 2001, da asara ta taso, shugaban kamfanin na lokacin Kunio Nakamura ya buɗe ƙofar ritayar wuri, ma'aikata kusan 13,000 suka karɓi kuɗin sallama suka tafi. A 2008 aka cire sunan Matsushita daga kamfanin, aka fara jingine tambarin National, komai ya koma Panasonic.