Marigayi Alhaji Mamman Shata

Jama'ar Bana, na gida da na ci-rani, yau mun tuno da Shata, wanda rediyon Kaduna ya shigo mana da muryarsa har tsakar gida. An haife shi a Musawa a 1923. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a ganinsa roƙo ne. Yaro ya kama tallan goro da alewa, amma bakinsa ya fi faifansa kawo kuɗi. Da ya ɗauki makaɗan kalangu, manya suka riƙa yi masa kyauta, wasu don yabo, wasu don tsoron zambo. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi Dakta. Ya rasu a 1999, aka rufe shi a Daura. Iyaye, kada mu yi saurin raina baiwar yaro. Allah ya jiƙansa, amin.