A. V. Hill: Masanin Tsoka da Gudu

An haifi Archibald Vivian Hill a birnin Bristol na ƙasar Ingila ranar 26 ga Satumba, 1886. Lissafi ya fara karantawa a Jami'ar Kambirij, kafin ya karkata ga nazarin yadda gaɓoɓin jiki ke aiki. A nan ne malaminsa, J. N. Langley, ya ɗora shi kan wata tambaya: wane irin zafi tsoka take fitarwa idan ta motsa? Hill ya duƙufa shekara da shekaru yana gwaji da tsokar cinyar kwaɗo, yana auna ɗumin da fatar mutum ba za ta taɓa ji ba. Wannan aiki ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel ta shekarar 1922, wadda suka raba da Bajamushe Otto Meyerhof.

Hill ɗan tsere ne, saboda haka bai tsaya ga kwaɗi ba. Lokacin da yake farfesa a Manchester, shi da abokin aikinsa Hartley Lupton sun riƙa gudu da jaka a goye, tana tara numfashin da suke fitarwa. A 1923 suka bayyana cewa iskar oksijin da jiki ke sha tana ƙaruwa gwargwadon saurin gudu, har ta kai wani mizani da ba ta wucewa. Wannan mizani ne ake auna juriyar 'yan wasa da shi har yau. Sun kuma bayyana dalilin hakin da ke biyo bayan tsere: jiki ne yake biyan bashin iskar da ya ci. Duk malamin da ya taɓa tsayawa bakin filin makaranta, ko a Kamazou ko a Zariya, ya ga yara dafe da gwiwa suna biyan wannan bashi.

Sai dai ba duk abin da ya gina ne ya tsaya ba. Shi da Meyerhof sun ɗauka samuwar sinadarin laktik ita ce ke sa tsoka motsi. A 1930 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Einar Lundsgaard, ya nuna cewa tsoka na iya motsawa ko da an hana ta samar da sinadarin. Wani malamin da ya ci Nobel da sai ya yi ta kare kansa. Hill kuwa a 1932 ya rubuta maƙala ya sanar da cewa fannin ya juya, ya koma ɗakin gwaji. A 1938 ya fito da lissafin da ke nuna yadda saurin tsoka ke raguwa idan nauyin da take ja ya ƙaru.

Tun daga 1933 ya kasance cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaza wa malaman da gwamnatin Hitila ta kora daga jami'o'in Jamus. Ya wakilci Jami'ar Kambirij a majalisar dokoki daga 1940 zuwa 1945. Ya rasu a Kambirij ranar 3 ga Yuni, 1977, yana da shekara 90.